Na Daina Zuwa Majami'a, Ban Kuma Shiga Masallaci Ba: Ni Wane Ne Yanzu?

Wasiƙar wannan makon daga cikin garin Maradi ta fito. Mai ita ya roƙi a sakaya sunansa da na unguwarsu, mun kuwa yi masa haka, sannan mun rage tsawonta kaɗan ba tare da mun taɓa ma'anarta ba.

TAMBAYA

Baba, ina gaishe ka da aiki, ina kuma roƙon ka yi haƙuri da tsawon wannan wasiƙa, domin shekara biyu ke nan maganar tana cina a rai ban sami wanda zan amayar wa ba.

Ni Bahaushe ne haifaffen Maradi, shekaruna 31, kuma a gidan masu bi na tashi. Kakana na wajen uba shi ya fara karɓar addinin Kirista bayan ya yi doguwar jinya a hannun 'yan mishan, mahaifina kuwa har Allah ya karɓi ransa dattijon ikilisiya ne. Tun ina shekara bakwai nake haddace ayoyi a makarantar Lahadi, an yi mini baftisma ina da shekara 15, daga baya kuma na zama shugaban mawaƙa. Abokaina, da wadda nake nema da aure, da wanda ya samo mini aikin da nake yi, duk a majami'a na san su.

Ina da ƙanwa mai ciwon sikila, wanda a nan muke ce wa emasi. Wata shekara aka yi taron falkaswa, wani baƙon mai wa'azi ya ɗora mata hannu ya ce ta warke, ya kuma gargaɗe mu cewa duk wanda ya yi shakka a zuciyarsa shi zai dawo da ciwon. Bayan wata huɗu ta rasu tana da shekara 19. Ranar da ake zaman gaisuwa na ji da kunnena wata mata tana cewa da akwai cikakkiyar bangaskiya a gidan nan da yarinyar ba ta tafi ba, mahaifiyata kuwa tana zaune a kan tabarma tana jin ta, ba ta ce uffan ba. Tun daga ranar wani abu ya tsinke mini a ciki.

Sai wata tsohuwar tambaya da na daɗe ina dannewa ta taso. Kakata ta wajen uwa Musulma ce, ita ta goye ni, ban taɓa ganin ta bar salla ba har ta rasu. Na je na tambayi fastonmu makomarta, ya amsa mini cikin ladabi da tausayi, amma amsar ita ce babu ceto ga wanda bai karɓi Yesu ba. Na fita daga wurinsa na san ba zan iya ci gaba da tsayawa gaban jama'a ina jan waƙa ba. Na fara da barin jibin Ubangiji, wato gurasa da abin sha da masu bi suke ci tare don tunawa da mutuwar Yesu, na ajiye shugabancin mawaƙa, a ƙarshe na daina zuwa sujada gaba ɗaya. Dattawa sun zo gida sau biyu, daga baya na ji ana cewa na ja da baya.

Mahaifiyata har yanzu tana zaton aiki ne ya riƙe ni, domin kowace Lahadi sai na ƙirƙiro tafiya. Abokaina Musulmi na fadar da muke shan shayi sun gane, kullum cikin raha suna tambayata yaushe za su raka ni wurin liman. Ni kuwa ban musulunta ba, ban kuma ce babu Allah ba. Wani lokaci ina kan babur sai in tsinci kaina ina rera waƙar majami'a har idona ya kawo ruwa, in na farga sai kunya ta kama ni, in ce ashe ni munafuki ne. Barci ma ya fara gagarata.

Baba, ni wane ne yanzu? In koma in yi shiru don hankalin uwata ya kwanta, ko in musulunta in huta da zaman tsaka-tsaki? Me zan ce wa yarinyar da ke jirana?

Ɗanka, daga Maradi

AMSA

Ɗana, Allah ya ba ku haƙurin rashin ƙanwarka da mahaifinka da kakarka. Kafin in ce komai, ya kamata ka san cewa ni Musulmi ne, domin ka auna maganata da wannan sanin. Na yi shekaru ina aiki da masu bi, na ci abincin Kirsimeti a gidajensu, su ma sun ci naman layyata, kuma wannan fili Musulmi da Kirista duk suna karanta shi. Saboda haka ba zan zaɓa maka addini ba, kuma duk wanda ya yi maka alkawarin warware wannan damuwa cikin zama ɗaya, ka riƙe maganarsa da hannu biyu ka duba ta da kyau kafin ka haɗiye.

Abin da na gani a wasiƙarka shi ne igiyoyi uku sun sarƙe maka wuri guda, kana ta jan su tare, shi ya sa ƙullin yake ƙara tsukewa. Akwai abin da zuciyarka ta gaskata game da Allah, akwai mutanen da suka rene ka, akwai kuma sunan da gari zai kira ka da shi. Tambayarka ta ƙarshe, wato ka koma ko ka musulunta, a kan suna kaɗai take, alhali shi ne ya fi sauran iya jira.

Bari in fara da ƙanwarka, domin a nan ciwon yake. Sikila gado ce da ake ɗauka daga uwa da uba baki ɗaya. Idan iyaye biyu suna ɗauke da ƙwayar, ko da su kansu lafiyarsu ƙalau, to a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai ciwon. Tun tana cikin mahaifiyarku jininta yake haka, shakkar wani a ranar taro ba ta ƙara masa komai ba, ba ta kuma rage ba. Ina zargin cewa a can ƙasan zuciyarka kana tuhumar kanka, kana cewa ko kai ne mai shakkar da baƙon ya ambata, tunda ka san tambayoyin da kake dannewa. In haka ne, ka sauke wannan kaya yau. Wanda ya ce wa mutane in an warke ikonsa ne, in an mutu laifinsu ne, ya gina wa kansa rumfar da ruwa ba ya taɓa dukanta, kuma irin wannan rumfa ba a majami'a kaɗai ake kafa ta ba, mu ma muna da masu tofi da rubutun sha da suke fakewa a ƙarƙashin irinta. Na san fastoci a ƙasar nan da za su yi tir da maganar matar nan fiye da yadda ni zan yi, ai asibitin Galmi da aka buɗe a 1950 da na Danja da aka buɗe a 1956 'yan bishara ne suka gina su, mutanen da suka yi imani da addu'a amma suka kawo likita da allura. Tunda maganar aure tana gabanka, kai da yarinyar ku je a gwada jininku, ko ma wace hanya ka bi a addini.

Maganar kakarka ta fi wannan nauyi, kuma ba zan yi maka wayo in ce fastonku ya yi maka ƙarya ba. Abin da ikilisiyarsa take koyarwa ya faɗa maka. Ikilisiyoyin bishara sun tsaya ne a kan cewa Littafi Mai Tsarki ba shi da kuskure, cewa ceto ta wurin mutuwar Almasihu a kan gicciye yake, cewa kowane mutum sai ya tuba ya karɓi Yesu da kansa, kuma wajibi ne mai bi ya kai wa wasu bishara. Ginin an yi shi ne yadda kowane tubali yake riƙe da ɗan'uwansa, har an koya muku cewa in ɗaya ya motsa duka sun zube. Shi ya sa tambaya ɗaya a kan tsohuwa ɗaya ta iya girgiza maka komai. Sai dai ka sani Kiristanci ya girmi wannan gini nesa ba kusa ba. Akwai Kiristoci a Masar da Habasha ƙarnuka masu yawa kafin Turawan mishan su san hanyar ƙasar Hausa, kuma a nan Maradi akwai Katolika, waɗanda garin ya zama mazaunin bishop ɗinsu tun 2001, su kuwa tun babban taronsu na Vatican a shekarun 1960 suke koyar da cewa wanda bai san bishara ba, ba da laifinsa ba, amma ya nemi Allah da zuciya ɗaya, yana iya samun ceto. Ban faɗi wannan don in tura ka can ba. Na faɗa ne don ka san cewa amsar da ka ji a ɗakin fasto amsar gida ɗaya ce cikin gidaje da yawa. Mu ma a namu ɓangaren, yaron da kakarsa Kirista ce yakan zo da irin wannan tambaya, malamai kuma sukan yi ta bayani a kan wanda saƙo ya isa gare shi da wanda bai isa ba, a ƙarshe mai hankali a cikinsu yakan ce hukuncin mutum ɗaya sananne yana hannun Allah.

Ka kira kanka munafuki, ni kuwa ban yarda ba. Munafuki shi ne wanda ya ci gaba da jan waƙa a gaban jama'a alhali zuciyarsa ta bar wurin, kai kuwa ajiye shugabancin ka yi saboda ba ka iya hakan ba. Shakka kuma ba baƙuwa ba ce a littattafan da mu da ku muke girmamawa. A Linjila akwai Toma da ya ce sai ya gani da idonsa, ba a kore shi daga cikin almajirai ba, akwai kuma mahaifin yaron nan mara lafiya da ya ce ya ba da gaskiya amma a taimaki rashin bangaskiyarsa. Ayuba ya yi ta kai ƙara gaban Allah babi bayan babi, a ƙarshe abokansa masu ba shi amsoshi shiryayyu ne aka tsauta wa. A Alƙur'ani Annabi Ibrahim ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu domin zuciyarsa ta natsu. Imam Gazali ma, yana kan ganiyar shahararsa a babbar makarantar Bagadaza, damuwa ta kama shi har harshensa ya ƙi furta darasi, ya bar kujerarsa a 1095 ya yi kusan shekara goma a keɓe yana neman yaƙini. Idan mai ilimi irin nasa ya buƙaci shekara goma, ban ga dalilin da za a ce kai ka gama cikin biyu ba.

Yanzu sai mutanenka, kuma a nan nake son ka yi musu adalci ko da sun ɓata maka rai. Ka tuna yadda aka yi suka zama abin da suke. 'Yan mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission, wato SIM, sun shigo Nijar ta Damagaram a 1924, kafin ƙarshen shekarun 1920 suka kafa tasha a Tsibiri, nan kusa da ku, kuma da Hausa suka yi aikinsu, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Waɗanda suka bi su a farko, irin kakanka, da yawansu sun biya farashi mai tsada: wani an raba shi da mata, wani an hana shi gona, wani danginsa sun daina cin abinci da shi. Da suka rasa dangi sai ikilisiya ta zame musu dangi, a cikinta ake aure, a cikinta ake suna, ita take binne mamaci, ita take nema wa yaro makaranta da aiki. Ƙidayar 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na mutanen ƙasar nan ba. Sannan ba su manta da watan Nuwamba na 2000 ba, lokacin da zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA ta rikiɗe a Maradi aka kai wa majami'a hari, ko Janairun 2015 da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, ko Yunin 2019 da aka cinna wa wata wuta a nan cikin gari. Jama'ar da take ƙarama haka, take kuma ɗauke da irin wannan tabo, idan ɗanta ya fita ba ta ganin mai tambaya, gani take an ɓalle mata katanga. Dattawan da suka zo gidanku sau biyu, tsoro ne ya kawo su tare da ƙauna, kuma da wuya su kansu su iya raba maka biyun. Wannan bai wajabta maka komawa ba, amma ya isa ya hana ka yi musu kallon abokan gaba, ya kuma isa ya hana ka kai maganar nan Facebook, inda masu neman abin jifan Kirista za su ɗauki ciwonka su mayar da shi dutse.

Ka lura kuma da wani abu game da garinmu. A Turai ko Amurka wanda ya bar majami'a yakan sami fili mai faɗi na waɗanda ba ruwansu da addini, ya shige cikinsu ba wanda ya tambaye shi. A Maradi babu wannan fili. Da asuba ladan zai tashe ka, ranar Juma'a lokacin salla kasuwa za ta yi tsit, ranar Lahadi uwarka za ta ɗaura ɗankwalin zumuntar mata ta ɗauki littafin waƙoƙinta, kowa da layin da yake tsaye a kai, kuma wanda ba ya kan layi sai a ga kamar ya ɓata hanya ne yana jiran mai nuna masa. Wannan matsin shi ne yake sa ka ji dole ka zaɓa gobe. Ka gane shi a matsayin matsi, kada ka ɗauke shi a matsayin kiran Allah.

Game da musulunta, zan faɗa maka abin da zan faɗa ko a gaban limamin unguwarmu. In ka yi karatu, ka yi tambaya, zuciyarka ta natsu cewa wannan ita ce gaskiya, ƙofa a buɗe take kuma ba wanda ya isa ya hana ka. Amma kalmarka ita ce ka musulunta ka huta, wato inuwa kake nema saboda rana ta dame ka. Kalmar shahada shaida ce, shaida kuwa ba a bayar da ita a kan abin da ba a tabbatar ba, kuma Alƙur'ani da kansa ya ce babu tilas a addini. Wanda ya shigo don gudun zaman tsaka-tsaki zai tarar da tambayoyinsa sun riga shi shiga, domin a nan ma yara suna mutuwa bayan an yi musu addu'a, kuma tambayar da ka yi a kan kakarka za ta juyo ta zama tambaya a kan mahaifinka, dattijon ikilisiya. Ka yi tunanin wannan da kyau. Fita daga Musulunci kuma a garin nan ta fi fita daga majami'a wuya ƙwarai, don haka ba ƙofa ce da ake shiga don gwaji ba. Abokan fadarka kuwa, in na kirki ne, ka ce musu sau ɗaya cikin natsuwa su bar wannan raha, za su bari. Komawa majami'a a yi shiru ita ma haka take: in wata rana ka koma, ka koma saboda ka sami abin da za ka iya tsayawa a kai.

Ka tambaye ni kai wane ne. Kai Bahaushen Maradi ne, jikan mai bi ta wajen uba, jikan Musulma ta wajen uwa, kuma ba ranar da ka daina zuwa sujada aka soke ko ɗaya daga ciki ba. Da Hausa ka koyi kiran Allah, kuma kalmomin da aka koya maka, irin su addu'a da tuba da zunubi da annabi da jinƙai, su ne dai maƙwabcinka yake amfani da su a kan buzunsa. Gaskiyar da aka hore ka da ita tana nan, ita ce ma take hana ka barci. Waƙar da take zuwar maka a kan babur kuwa taka ce, da muryar mahaifinka ka fara jin ta, wataƙila ƙanwarka tana gefenka kuna rerawa, to don me idonka ba zai kawo ruwa ba? Ka rera abarka.

Akwai wani aiki da manoman jiharmu suka sani, wanda nake ganin ya fi kowane misali dacewa da halinka, kuma abin sha'awa daga cikin aikin mishan ɗin ya fito. A farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin SIM ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi ta dasa itatuwa a yankin Maradi suna mutuwa, har ya lura cewa 'yan tsirran da ake sarewa a gonaki kowace shekara toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare tun da daɗewa, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Daga nan aka fara abin da ake kira sassabin zamani. Na taɓa tsayawa a wata gona a hanyar Agiye ina kallon wani dattijo yana yin sa. Ya durƙusa gaban kututturen kalgo mai toho sama da ashirin, ya daɗe yana dubawa yana taɓa wannan yana lanƙwasa wancan, sannan ya zaɓi huɗu miƙaƙƙu ya bari, ya sa wuƙa mai kaifi ya yanke sauran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage, ya ɗaure waɗanda ya bari da ɗan tsumma domin masu kiwo su san da mai su. Na tambaye shi yaushe zai sha inuwa, ya yi dariya ya ce in tambayi awaki. Abin da nake so ka yi ke nan da abin da aka koya maka. Ka ɗauki littafin rubutu, ka bi koyarwar ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta wadda har yanzu kake gaskatawa ko ba wanda yake kallonka, da wadda ka tabbata ka bari, da wadda ba ka sani ba tukuna. Kashi na ukun zai fi yawa, kada wannan ya tsorata ka. In kana iya addu'a ka yi, ko da ba ta wuce ka ce ya Allah ga ni, ban gane ba. Ka nemi mutum ɗaya ko biyu masu zurfin karatu da sanyin hali, fasto ne ko fada na Katolika ko malami, waɗanda za ka yi wa tambaya ba su hau ka da wa'azi ba. Za ka gane su da cewa suna iya furta “ban sani ba”. Rashin barcin kuwa, in ya wuce makonni yana hana ka aiki ko cin abinci, ko ka fara jin rayuwar ta ishe ka, ka ga likita ba tare da jinkiri ba, domin baƙin cikin rashi yakan zama ciwo mai buƙatar magani.

Yarinyar da take jiranka tana da haƙƙin ta sani kafin a kai kuɗin gaisuwa, ba bayan an ɗaura ba. Ita mai bi ta amince ta aura, kuma da wuya ikilisiyarsu ta ɗaura mata aure da wanda aka ce ya ja da baya. Ka faɗa mata inda kake tsaye, har da abin da ba ka sani ba, ka ba ta lokaci, kada ka nemi ta zaɓa tsakaninka da iyayenta a zama ɗaya. Tana iya jira, tana iya tafiya. In ta tafi zai yi zafi, amma bai kai zafin ta gano bayan haihuwa biyu cewa da wani mutum daban ta yi alkawari ba.

Na bar mahaifiyarka a ƙarshe domin ita ce na fi tunani tun da na karanta wasiƙarka. Kana cewa tana zaton aiki ne. Ɗana, matar da ta haife ka, wadda dattawan ikilisiya suka shigo gidanta sau biyu saboda kai, wadda take zama cikin zumuntar mata inda babu maganar da ba ta zagayawa, ta sani. Tana karɓar ƙaryar tafiyarka ne kowace Lahadi domin ta fi sauƙin ɗauka a kan abin da take tsoro, wato ta rasa ɗa a raye bayan ta rasa 'ya a kabari. Ka tuna kuma ita wace ce. Uwarta Musulma ce, ke nan tambayar da ka kai wa fasto a kan kakarka, ita a kan uwar da ta haife ta take, kuma ta kwana da ita shekaru kafin a haife ka. Ita ce kuma aka yi wa gorin rashin bangaskiya a kan tabarmar gaisuwar 'yarta ta yi shiru. Ban san abin da yake cikin wannan shirun ba, kai ma ba ka sani ba, domin ba ka taɓa tambaya ba.

Kada ka je mata da muhawara, kada kuma ka je da jerin laifofin ikilisiya. Ka zaɓi dare bayan an ci tuwo, gida ya yi shiru, ka zauna ƙasa kusa da ita, ka fara da neman gafarar ƙaryar da ka yi ta yi mata. Ka ce mata: “Inna, tun rasuwar ƙanwata zuciyata ba ta zauna ba, ina da tambayoyin da ban sami amsarsu ba, kuma ba na son in tsaya gaban Allah ina faɗin abin da ban tabbatar ba. Ban bar ki ba, ban bar gidan nan ba.” Za ta yi kuka, wataƙila ta yi kwanaki ba ta sake maka fuska ba, wataƙila ta ce za ta sa ka a addu'a, in ta ce haka ka ce amin, ka gode mata. Ranar Lahadi kuma, maimakon ƙirƙirar tafiya, ka ɗauke ta a babur ka kai ta ƙofar majami'a, ka gaida dattawa da hannu biyu kamar yadda ka saba, in an tashi ka dawo ka ɗauke ta. In an yi rasuwa a cikin masu bi ka je ka ɗauki gawa, in Kirsimeti ta zo ka sayo mata shinkafa da kaji ka zauna a ci da kai.

In ta huce, wata rana ka tambaye ta abin da ya zo mata a rai lokacin da matar nan ta yi maganarta a wurin gaisuwa, ka kuma tambaye ta yadda take yi wa uwarta addu'a. In ta fara ba ka amsa, kada ka katse ta.